Fam Ɗaya da Dala Ɗaya: Wa Ya Cancanci Karɓar Tsohon Jirgin Ruwa?

A shekarar 1974, kamfanin Caledonian MacBrayne mai jigilar mutane a gaɓar yammacin Sikotlan ya sayar da jirginsa Waverley a kan fam ɗaya tak. Bayan shekara 34, wato a 2008, gidan tarihi na Bishop da ke Honolulu a tsibiran Hawai ya sallama wani tsohon jirgin, Falls of Clyde, a kan dala ɗaya. A bakin kogi ɗaya aka ƙera jiragen biyu, kogin Clyde da ya ratsa birnin Glasgow, kuma waɗanda suka karɓe su duka ƙungiyoyi ne na masu sa kai, mutanen da ƙaunar jirgin ta tara su. Amma ƙarshen labarin ya sha bamban. Waverley yana nan yana aiki duk lokacin zafi, shi kaɗai ya rage a duniya cikin jiragen tururi masu ƙafafun tuƙi a gefe da ke shiga teku da fasinja. Falls of Clyde kuwa ya ci gaba da lalacewa a inda yake ɗaure, har hukuma ta ƙwace shi a 2016, sannan a watan Oktoban 2025 aka ja shi zuwa tsakiyar teku aka nutsar da shi. Tun da farashin kusan ɗaya ne, kuma babu wanda ke shakkar niyyar waɗanda suka karɓa, dole a nemi dalilin bambancin a wani wuri: a lokacin da aka miƙa jirgin, da halin da yake ciki a ranar, da ƙarfin mai karɓa, da gaskiyar da mai bayarwa ya faɗa. Zaɓen magajin jirgi shi ne aiki na ƙarshe da ke wuyan mai shi, kuma wanda ya yi sakaci da wannan aiki ya zubar da duk kulawar da ya yi a baya.

Jirgin ruwa kaya ne da bai san hutu ba. Ko yana tafiya ko yana ɗaure, ruwa na cin sa dare da rana. Idan na ƙarfe ne, gishirin teku yana haifar da tsatsa, ƙarfen jikinsa yana ta sirancewa daga ciki da waje, har sai an fitar da shi daga ruwa an kankare, an auna kaurin kowane falle, an yanke wanda ya mutu an sa sabo. Idan na katako ne, abokan gabansa sun fi yawa. Ruwan sama da ke kwanciya a lungunansa ya fi ruwan gishiri saurin ruɓar da itace, tsutsar teku tana huda shi a ƙasashe masu zafi, ƙusoshin da suka riƙe katakan suna sakin jiki. In kuma aka ce a tsamo shi a ajiye a tudu don gudun duk wannan, katakan su bushe su tsuke, audugar da aka cusa a tsakaninsu ta zazzago, ranar da aka mayar da shi ruwa sai ya riƙa yoyo ta ko'ina. Ga kuɗin wurin ɗauri, ga inshora, ga ladan masassaƙa da maƙera waɗanda suka san irin wannan aiki, kuma kullum raguwa suke yi. Shi ya sa kyautar tsohon jirgi take kama da kyautar doki: wanda ba shi da dawa da harawa da mai kiwo, ranar da aka ɗaure masa ingarma a ƙofar gida ranar ce wahalarsa ta soma, ta dokin ma haka. Abin da ke canza hannu a irin wannan ciniki nauyi ne, kuma da wannan ido ya kamata a dubi duk abin da ya biyo baya.

An ƙera Waverley a masana'antar A. & J. Inglis da ke Glasgow, aka saka shi a ruwa a watan Oktoban 1946, ya fara aiki a watan Yunin 1947. Kamfanin jirgin ƙasa na LNER ne ya sa aka yi shi, domin ya maye gurbin wani jirgi mai wannan suna da jiragen saman yaƙin Jamus suka nutsar a 1940, lokacin kwaso sojoji daga Dunkirk. Tsawonsa ya kai kimanin mita 73, kuma injin tururi ne ke juya manyan ƙafafu biyu da ke gefensa suna tura ruwa baya. Babban aikinsa shi ne kai mutanen Glasgow da iyalansu shan iska a garuruwan bakin ruwa. Da motoci suka yawaita, jama'a suka koma son jiragen da za su ɗauke su har da motocinsu, wasu kuma suka fara tafiya hutu ƙasashe masu rana ta jirgin sama, sai fasinja ya ragu, kuɗin gyara ya hauhawa. A ƙarshen kakar 1973 kamfanin ya dakatar da shi. Hanya mafi sauƙi ita ce a kira masu yanka ƙarfe, kamar yadda aka yi wa 'yan uwansa da yawa. Maimakon haka sai kamfanin ya tuntuɓi ƙungiyar Paddle Steamer Preservation Society, wadda aka kafa tun 1959 domin kare irin waɗannan jirage, wadda kuma ta riga ta mallaki wani ƙaramin jirgi mai suna Kingswear Castle tun 1967. Kamfanin ya gindaya sharaɗi cewa in har jirgin ya koma aiki, kada ya yi gogayya da jirginsa na yawon buɗe ido da ya rage.

Abu uku ne suka haɗu a wannan ciniki, kuma su ne suka raya jirgin. Na farko, an miƙa shi da sauran ransa. Watanni kawai ya yi a ɗaure, injinsa lafiya lau, injiniyoyi da matuƙan da suka san halinsa suna raye, suna kusa. Na biyu, waɗanda suka karɓa sun san jirgin tun yana aiki, suna da mambobi masu biyan kuɗi, kuma nan da nan suka kafa kamfani na musamman da zai riƙe shi bisa doka. Na uku, sun mayar da shi bakin aiki a 1975, ya riƙa samun kuɗin tikiti, mutane suna shiga suna tsayawa suna kallon injin yana juyawa a gabansu, suna komawa gida da labari. Wannan ne ya ba shi dangi. Dangin nan kuwa an gwada su ba sau ɗaya ba. A watan Yulin 1977 jirgin ya hau duwatsun Gantocks kusa da garin Dunoon, aka yi asarar makonni mafi albarka na shekarar. Tsakanin 2000 da 2003 aka yi masa gyara na gaba ɗaya da tallafin asusun adana kayan tarihi na Birtaniya. A 2019 aka gano tukwanen tururinsa sun gaji, aka soke aikin shekarar ɗungurungum, aka nemi fam miliyan 2.3, jama'a da gwamnatin Sikotlan suka haɗa, ya koma ruwa a 2020. Fam ɗayan da aka biya a 1974 ya zama ƙofar kashe miliyoyi, kuma hikimar mai sayarwa ita ce ya ba wanda zai iya neman miliyoyin.

Labarin Falls of Clyde bai gaza na Waverley daraja ba. Kamfanin Russell ne ya ƙera shi a Port Glasgow a 1878, jirgin ƙarfe mai dogayen sanduna huɗu na filafilan iska. A ƙarshen ƙarni na 19 Kyaftin William Matson ya saye shi, ya riƙa dakon sukari daga Hawai zuwa San Francisco. A 1907 aka mayar da shi jirgin dakon man fetur mai tafiya da iska, daga baya ya zama ma'ajiyar mai a Alaska. A 1963, ana shirin nutsar da shi, mutanen Honolulu suka yi karo-karo suka fanso shi, aka jawo shi gida, gidan tarihi na Bishop ya karɓi riƙonsa, a 1989 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin manyan abubuwan tarihi na ƙasa. Sai dai shekaru suka yi ta wucewa ba a fitar da shi daga ruwa an gyara ƙarfen cikinsa ba. Ya zuwa 2008 kuɗin gyaran ya kai miliyoyin daloli masu yawa, gidan tarihin ya bayyana cewa ba zai iya ba, ya fara shirin nutsar da shi. A wannan hali ne ƙungiyar Friends of Falls of Clyde ta taso ta karɓe shi. Ta yi ƙoƙari, amma ba ta samu kuɗin da zai kai jirgin busasshiyar tashar gyara ba. Hukumar tashar Honolulu ta janye izinin ɗauri a 2016, aka yi gwanjo a 2019 ba a samu mai saye da ya cika sharuɗɗa ba, yunƙurin mayar da shi Sikotlan shi ma bai kai ga nasara ba.

Zalunci ne a ɗora laifin kan masu sa kan da suka karɓa, domin ba don su ba da tuni jirgin ya tafi tun 2008. Darasin yana ga lokacin miƙawa. An nemi magaji ne bayan ɓarna ta riga ta fi ƙarfin babbar cibiya mai ma'aikata da masu ba da tallafi, sai aka sauke ta a kan ƙaramar ƙungiya da ba ta da hanyar samun kuɗin shiga, kuma jirgin ba ya iya tafiya balle ya nema wa kansa. Irin wannan miƙawa tana sauke nauyi daga wuyan mai bayarwa, amma jirgin bai samu komai ba face jinkirin ajali. Da a ce an fara neman mafita shekara goma ko goma sha biyar kafin nan, lokacin da gyaran bai kai haka tsada ba, da masu iya karɓa sun fi yawa, da mai bayarwa yana da damar tantancewa. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a harkar tsofaffin jirage, manya da ƙanana: mai jirgi yana riƙe da shi saboda ƙauna ko saboda kunyar a ce ya gaza, yana cewa baɗi zai gyara, har ranar da babu abin da ya rage na bayarwa sai bashi da tsatsa.

Wani zai ce, jirgi dukiya ce kamar kowace dukiya, mai shi yana da 'yancin ya sayar wa wanda ya fi tayi mai tsoka, kuma wanda ya zuba kuɗi masu yawa shi ne zai fi kula da abin da ya saya. Kashi na farko na wannan magana gaskiya ne ta fuskar doka. A Birtaniya akwai rajistar jiragen tarihi da hukumar National Historic Ships UK ke riƙe da ita, ta jiragen da suka kai shekara 50 kuma tsawonsu ya wuce ƙafa 33, amma shiga rajistar ba ya hana mai jirgi yanka shi, saɓanin tsofaffin gine-gine da doka ta ba kariya. Wannan kuwa ƙara wa mai jirgi nauyi yake yi, tun da babu mai tsare jirgin sai lamirinsa. Kashi na biyu kuma tarihi ya ƙaryata shi. Jirgin fasinja na SS United States, wanda a 1952 ya kafa tarihin saurin ƙetare tekun Atlantika, ya daina aiki a 1969, ya yi ta yawo daga hannun mai kuɗi zuwa hannun mai kuɗi, kowa da mafarkinsa. A 1984 aka yi gwanjon kujeru da kwanuka da kayan adonsa, daga baya aka kwashe duk abin da ke cikinsa, aka ɗaure shi a Philadelphia a 1996. Lokacin da ƙungiyar masu son ceto shi ta mallake shi a 2011, ƙwarya ce kawai ta rage, kuɗin hayar wurin ɗauri yana cinye abin da ake tarawa. A 2024 aka sayar da shi ga wata ƙaramar hukuma a jihar Florida domin a nutsar da shi ya zama matattarar kifi. Masu kuɗi sun riƙe shi shekaru da dama, babu wanda ya riƙe shi domin shi kansa.

Kishiyar wannan ita ce abin da ya faru da Cutty Sark, jirgin dakon ganyen shayi da ulu da aka ƙera a Dumbarton a 1869. An sayar da shi ga wani kamfanin Fotugal a 1895, aka canza masa suna, ya ci gaba da dako har ya tsufa. A 1922 Kyaftin Wilfred Dowman ya gan shi a tashar Falmouth, ya bi shi ya fanso shi da kuɗin da ya fi darajarsa a kasuwa, ya gyara shi ya mayar da shi wurin horar da samari aikin teku. Da Dowman ya rasu a 1936, matarsa Catharine ta ga riƙon ya fi ƙarfinta. Ba ta jira jirgin ya lalace ba. A 1938 ta miƙa shi ga kwalejin horar da matuƙa da ke bakin kogin Thames, ta haɗa da fam 5,000 domin kula da shi. Daga nan ne ya samu hanyar zuwa Greenwich a 1954, inda yake har yau, duk da gobarar da ta ci shi a 2007 da gyaran da ya biyo baya har zuwa 2012. Wannan baiwar Allah ta gane abin da masu neman tayi mai tsoka ba su gane ba: duk kuɗin da mai sayarwa ya tatsa daga aljihun mai saye, daga kuɗin gyaran shekarar farko ya cire shi. Wanda yake son jirginsa ya rayu bayan ya rabu da shi yakan rage farashi ga mutumin da ya dace, wani lokaci ma ya ƙara masa guzuri.

Bayan zaɓen mutum, sai abin da za a miƙa masa tare da jirgin, kuma a sahun gaba akwai gaskiya. Shari'ar Musulunci ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, ta kuma ba mai saye damar mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. A cinikin jirgin ruwa wannan hukunci ya shafi rai, domin aibin yana ƙarƙashin ruwa ko bayan sabon fenti, kuma ba ya bayyana sai an yi nisa da gaɓa. Shi ya sa masu harkar suke kawo ƙwararren mai dubawa wanda ba ya cikin cinikin, a tsamo jirgin, ya bi shi da guduma yana sauraron ƙarar katako, ko ya auna kaurin ƙarfe da na'ura, ya rubuta rahoto. Sai takardu. A dokar Birtaniya mallakar jirgi mai rajista ana kasa ta kashi 64, kuma takardar ciniki tana faɗin kashi nawa aka sayar. Akwai kuma basussukan da ke bin jirgin kansa duk hannun da ya koma, don haka ɓoye su cin amana ne. Abu na uku shi ne sani, wanda ya fi saurin ɓacewa: zanen asali, littafin gyare-gyare, tsofaffin hotuna, sunan maƙerin da zai iya ƙera abin da aka daina sayarwa, da halayen inji waɗanda ba a rubuta a ko'ina ba. Mai bayarwa na gari yakan fita ruwa tare da sabon mai jirgi sau da yawa kafin ya janye hannu.

Wannan magana ta fi shafar ƙananan jirage na ɗaiɗaikun mutane, domin su ne suka fi yawa kuma babu jaridar da ke ba da labarin mutuwarsu. Tsakanin 26 ga Mayu da 4 ga Yunin 1940 aka kwaso sojoji fiye da 338,000 daga Dunkirk a Faransa zuwa Ingila, kuma ɗaruruwan ƙananan jirage na masunta da na shan iska da na ceto sun shiga aikin. A 1966 aka kafa ƙungiyar masu riƙe da waɗanda suka rage, Association of Dunkirk Little Ships, kuma bisa al'ada duk shekara biyar sukan haɗu su ƙetare daga Ramsgate zuwa Dunkirk. Babu ko ɗaya daga cikin jiragen nan da bai haura shekara 80 ba, ma'ana kowannensu ya ratsa hannuwa da dama, kuma a kowane canjin hannu yana iya mutuwa. Masu su sukan ɗauki kansu a matsayin masu riƙon amana na ɗan lokaci. Amfanin ƙungiyar shi ne ta sa canjin hannu ya daina zama sirri tsakanin mutum biyu: ana sanin jirgin da ke neman mai riƙo, ana sanin tarihinsa, sabon mai shi kuma yana shiga cikin mutanen da za su ba shi shawara, su kuma lura idan ya fara sakaci. Dattijon da ya ga hawa da sauka sun fara yi masa wuya, ya nemi irin wannan zaure tun da wuri, ya yi wa jirginsa abin da ya fi sabon fenti amfani.

Mai karatu daga yankunan kogin Kwara da tafkin Chadi yana da ƙorafi mai nauyi da ya wajaba a saurara. A wurinsa tsohon jirgi yana tuna masa da makoki, irin hatsarin da ya auku kusa da Wara a jihar Kebbi a watan Mayun 2021, inda jirgin katako maƙare da 'yan kasuwa ya tarwatse, rayuka masu yawa suka salwanta. Yana da hakkin ya tambaya ko ba son zuciya ba ne a ci gaba da ɗora mutane a kan abin da ya tsufa. Amsar ita ce, tsufa da sakaci abubuwa biyu ne, ko da yake sau da yawa tare suke tafiya. Jirgin fasinja a Birtaniya ba ya fita sai da takardar shaidar lafiya daga hukuma, kuma ana tsamo Waverley daga ruwa a duba shi kowace shekara. Soke aikin 2019 gaba ɗaya, da asarar kuɗin shekara guda, ya nuna masu riƙon sun fifita rai a kan tikiti. Wannan bai sa ya kuɓuta daga haɗari ba, domin a watan Satumban 2020 ya daki gadar sauka a Brodick, mutum 24 suka ji rauni, hukuma ta yi bincike. Amma ƙorafin, idan aka bi shi har ƙarshe, ƙarfafa hujjar yake yi. Jirgin da ya gaji yakan gangara daga hannun mai ƙarfi zuwa hannun mai rauni, wanda ya saye shi don arha kuma ba shi da kuɗin gyara, sai ya cika shi da kaya don ya mayar da kuɗinsa. Wanda ya sayar da irin wannan jirgi yana sane da aibinsa da kuma aikin da za a sa shi, yana da kaso a cikin abin da zai faru.

Akwai kuma masu cewa duk wannan ɗawainiya ruɗin kai ne, tun da bayan an canza tukwane da katakai da falle-fallen ƙarfe, abin da ya rage ba shi ne jirgin asali ba. Amsa tana tafkin Tanganyika. An ƙera jirgin da ake kira Liemba a Jamus a 1913, aka kai shi Kigoma gunduwa-gunduwa aka haɗa. A 1916 Jamusawa suka nutsar da shi da kansu don kada ya faɗa hannun abokan gaba, bayan sun shafe injinsa da man giris da niyyar tsamo shi wata rana. Turawan Ingila ne suka tsamo shi a 1924, ya fara aiki da sabon suna a 1927, daga baya ya zama na Tanzaniya, aka cire injin tururi aka sa na dizal, ya shafe shekaru kusan 90 yana ɗaukar mutane da kaya tsakanin Kigoma da Mpulungu a Zambiya. Babu ɗan gaɓar tafkin da ke shakkar cewa jirgin nan shi ne dai wanda kakanninsa suka hau. Jirgi mai aiki dole a riƙa sabunta sassansa, kuma abin da ke ɗorewa shi ne siffarsa da tarihinsa da sana'ar da ake koya a kansa. Wannan yana da darasi ga mai bayarwa: ya halatta ya nemi alkawarin cewa ba za a yanka jirgin ba, ko a fara yi masa tayi idan za a sake sayarwa, amma kada ya ɗaure hannun magajinsa da sharuɗɗan da za su hana gyara. Wanda ya sallama ya sallama da gaske.

Ƙorafi na ƙarshe shi ne na kuɗi: duniya cike take da yunwa da rashin lafiya, ga miliyoyi ana zubawa a tsohon ƙarfe. Gaskiya ne ba kowane jirgi ne ya cancanci ceto ba, kuma masu son jirage sun fi kowa buƙatar yarda da haka, domin kuɗin da aka watsa a kan jirage goma marasa makoma zai iya raya biyu masu makoma. Jirgin da ya wuce gyara, mutuncinsa shi ne a auna shi, a zana shi, a ɗauki hotonsa, a adana muhimman sassansa, sannan a rabu da shi a fili, maimakon a miƙa wa wani mai zafin ƙauna ya ƙarasa a hannunsa. Amma jirgin da ke da makoma yana biyan wani abu: yana kawo baƙi ƙananan garuruwa, yana ba matasa wurin koyon aikin inji da sassaƙa da ba za su samu a aji ba. Wani lokaci kuma makomar tana nesa da gida. Jirgin City of Adelaide, wanda aka ƙera a Sunderland a 1864 ya yi ta kai masu ƙaura kudancin Ostireliya, ya daɗe a tudu a Irvine ƙarƙashin gidan tarihin jiragen ruwa na Sikotlan, wanda ya rasa kuɗin riƙonsa har ya nemi izinin rushe shi. A 2010 gwamnatin Sikotlan ta zaɓi ƙungiyar mutanen Adelaide, garin da jirgin ya riƙa kai masu ƙaura, ya isa hannunsu a farkon 2014. Yarda a bar shi ya bar ƙasar ita ce ta cece shi.

Saboda haka duk mai riƙe da tsohon jirgi, mutum ɗaya ne ko kamfani ko gidan tarihi, akwai tambayoyin da suka fi tambayar farashi muhimmanci. Ina mai karɓa zai ɗaure jirgin, kuma wa zai biya kuɗin wurin? Ya karanta rahoton mai dubawa ya fahimci abin da gyaran shekara biyar masu zuwa zai ci? Yana da mutane a bayansa, ko shi kaɗai ne da zafin zuciyarsa? Wane aiki jirgin zai yi da zai sa wasu su damu da rayuwarsa? Waɗannan tambayoyi ba a amsa su a rana ɗaya, kuma ba a samun mai amsa su da talla ta mako biyu. Ana samun sa ne ta hanyar jawo matasa cikin jirgin tun yana lafiya, a koya musu inji da igiya da guduma, a rubuta abin da ke kai, a shiga cikin masu irin wannan sha'awa, a kuma bayyana niyyar rabuwa tun kafin larura ta tilasta. Mai jirgin da ya fara wannan aiki yana da sauran ƙarfi shi ne ke da damar zaɓe. Wanda ya jira har ƙarfinsa da na jirgin suka ƙare tare, sai dai ya karɓi duk wanda ya zo.